Akta ba ya karyewa, autanmu ya karye

1/ Yau kwana 19 ke nan da aka naɗe wa autanmu ƙafa da siminti, tun daga yatsu har ƙasan gwiwa. Shekararsa 11. Kowa a gida cewa yake fim ne ya ja masa. Ni kuwa na san ba fim kaɗai ba ne, da hannuna a ciki. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. 🧵

2/ Ina aji uku a BUK, Fiziks nake karanta. A gidanmu nan Nassarawa GRA an san ni da hali ɗaya: ba a jin daɗin kallon fim ɗin faɗa da ni. Da an yi wani abu zan ce "wannan ƙarya ce." Ƙanwata har ɓoye rimot take yi don kar in tsayar in fara lacca.

3/ Ba wai ba na son fim ba ne fa. Da shi muka tashi. Indiya-Hausa, fassarar Algaita, Chanis, su Jet Li da Jackie Chan, daga baya su Fast & Furious. Tun ana sayen faifai har aka koma turawa a waya. Tun ina firamare na san dokar: akta ba ya mutuwa, bos kuma sai a ƙarshe.

4/ Da na shiga jami'a aka koya mana lissafin motsi, sai rawar kai ta kama ni. Kun san ɗan koyo. Duk fim ɗin da aka kunna sai na jawo biro da takarda. Bari in ba ku kaɗan daga abin da nake damun mutanen gida da shi, don ku gane yadda aka yi muka zo nan.

5/ Na farko, harbi. A fim in an harbi yaron bos, sai ka ga ya tashi sama ya fasa taga ya faɗa waje. To harsashin fistol nauyinsa kamar giram 8 ne, gudunsa wajen mita 360 a daƙiƙa. In ka ninka nauyi da gudu, shi ne ƙarfin tunkuɗar da yake ɗauke da shi. Bai cika 3 ba.

6/ Ƙwallon ƙafa kuwa nauyinta ya ɗan haura giram 400. In aka buga fenareti da gudun mita 25 a daƙiƙa, tunkuɗarta ta haura 10. Wato ƙwallo ta ninka harsashi sau uku da ɗoriya wajen ture mutum. Kun taɓa ganin golan Pillars ya kama ƙwallo ta yi sama da shi ta fitar da shi bayan fili?

7/ Harsashi huda jiki yake yi ya ɓarnata abin da ke ciki, shi ya sa yake kisa. Ba jifa yake da mutum ba. Kuma tun 1687 Newton ya rubuta cewa duk abin da ka tura, shi ma ya tura ka daidai gwargwado. Da harsashi zai iya cilla wanda aka harba, da mai harbin ma ya yi baya ya fasa tasa tagar.

8/ Na biyu, tsallen mota. A fim ɗin Speed na 1994 akwai bas ɗin da ta tsallake gadar da ba a gama ba, giɓin kamar mita 15. Matsalar ita ce da zarar taya ta bar kwalta, mota faɗuwa take farawa. Ƙasa ba ta jira ka ƙarasa tukunna ta ja ka.

9/ Ko da gudun kilomita 100 a awa kake, giɓin mita 15 zai ci maka sama da rabin daƙiƙa. A wannan ɗan lokacin ka yi ƙasa da kusan mita ɗaya da rabi. In babu tudun da zai ɗaga ka, ba kan gadar za ka sauka ba, bakinta za ka daka. Ka tuna da wannan in kana kan gadar Ƙofar Nassarawa.

10/ Su Furious 7 na 2015 kuwa, mota ta fito ta tagar dogon bene a Abu Dhabi ta shige wani, ta sake fitowa ta shige na uku. A F9 na 2021 har sararin samaniya suka harba mota. A nan ni ma na ajiye biro. Wanda ya kai mota sama jannati ba lissafinka yake nema ba. 😂

11/ Indiya kuma babinsu daban. A Baahubali 2 na 2017 an lanƙwaso wata bishiya mai kama da giginya, sojoji suka haɗa garkuwoyi suka dunƙule, aka saki bishiyar ta cilla su suka tsallake ganuwa. Suka dira suka ci gaba da yaƙi, babu ko mai ɗingishi. Hajiya kakarmu cewa ta yi, "Ai su Indiya da asirinsu."

12/ Na uku, cafe mai faɗowa. Yarinya ta faɗo daga hawa na goma, akta ya tara hannu ya cafe ta dab da ƙasa. Daga mita 30 mutum yana isowa da gudun kusan kilomita 87 a awa. Hannun da zai tsayar da ita nan take, da shi da daɓen siminti duk ɗaya ne a wurin ƙashinta.

13/ Ku riƙe wannan na ukun, shi ne kan maganar. Faɗuwar kanta ba ita ke karya mutum ba, tsayawar ce. Tambayar kullum ita ce: cikin tazara nawa jikinka ya tashi daga gudu ya koma tsaye cak? In tazarar da tsawo, ƙarfin ya rarrabu. In gajeriya ce, ƙashi ne zai biya.

14/ To, ranar wata Alhamis da daddare, an ɗauke wuta muna kan sola, ni da Auta muna kallo a falo. Ba zan faɗi sunan fim ɗin ba don ba laifinsa nake son ɗorawa ba. Akta ya diro daga rufin bene, ya taɓa ƙasa, ya mirgina sau ɗaya, ya miƙe ya ci gaba da gudu.

15/ Auta ya juyo yana jira in ce ƙarya ce kamar kullum. Sai na ce, "A'a, wannan kam akwai gaskiya a ciki." Wallahi har yanzu ina jin muryata lokacin da na faɗa. Daɗi nake ji na samu abin da zan koyar. Ya gyara zama ya ce, "Yaya, da gaske?"

16/ Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Na ce in ka diro ka sandare, ƙafarka ce za ta shanye komai lokaci guda. In ka lanƙwasa gwiwa ka mirgina, ka tsawaita tsayawar, ƙarfin ya ragu. Har na nuna masa bidiyon masu wasan tsalle-tsallen gine-gine na Faransa, irin su David Belle.

17/ Duk abin da na faɗa gaskiya ne. A jarrabawa ma maki za a ba ni. Abin da ban faɗa ba shi ne daga tsawo nawa dabarar take daina aiki, shekara nawa mutanen nan suka yi suna koyo daga ƙasa-ƙasa, kuma a kan me suke dira. Ban ɓoye ba, kawai bai zo mini a rai ba.

18/ Yaro ya ce, "Kenan in mutum ya iya mirginawa ba zai ji ciwo ba?" Ina danna waya na ce, "Eh, kusan haka." Kalma uku. Na tashi na tafi ɗakina na kwanta, na manta ma an yi hirar.

19/ Ranar Asabar bayan La'asar ina ɗaki ina haɗa rahoton lab. Gidajen unguwarmu kun san su, tsofaffin bishiyoyi, fili, shiru. A bayan gidanmu akwai ƙarfen tankin ruwa mai tsani a jiki, ƙasan wurin kuma intalok ne. Sai na ji wata ƙara kamar an yar da buhu. Shiru na ɗan lokaci. Sannan ihu.

20/ Baba maigadi ne ya riga kowa isa. Na tarar da Auta a kwance ya riƙe ƙafa, ɗan maƙwabtanmu na tsaye da waya a hannu jikinsa na rawa. Ashe bidiyo suke ɗauka. Ƙafar ta juya wani irin juyi da ba na son in bayyana. Umma ta fito ko mayafi babu, tana ta salati.

21/ A mota ni na riƙe shi a baya, Abba na tuƙi. Duk ramin da aka faɗa sai ya ƙanƙame rigata. Muna cikin tafiya ya ɗago ya ce mini a hankali, yadda su Abba ba za su ji ba, "Yaya, na so in mirgina, ban samu dama ba." Ban iya ce masa komai ba.

22/ A asibitin ƙashi aka yi hoto. Karaya a ƙwauri, da tsagewa a dunduniya. Likita ya ce mu gode wa Allah da ƙafa ya dira, ba da ka ko gadon baya ba, kuma ba sai an yi aiki ba. Ya tambayi tsawon wurin. Babu wanda ya sani. Washegari na ɗauki tef na auna: mita 4 cif.

23/ A ranar na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun daren Alhamis. Daga mita 4, mutum yana isa ƙasa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da gudun kusan mita 9 a daƙiƙa. Kilomita 32 a awa kenan. Kamar adaidaita sahu ta taho da gudunta ta daki bango, kai ne a gaba.

24/ Auta kilo 35 ne. In jikinsa ya tsaya cikin santimita 10, wanda kusan haka ake yi in ƙafa ta sandare a kan intalok, ƙarfin da zai bi ta ƙafarsa ya ninka nauyinsa sau 41. Sama da kilo 1,400. Buhun shinkafa mai kilo 50 guda 28 da ɗoriya, a kan ƙwaurin ɗan shekara 11.

25/ To a ce ma ya yi komai daidai, ya lanƙwasa gwiwa ya tsaya cikin rabin mita. Har yanzu nauyinsa sau 9 ne, kilo 315, buhu shida da ɗoriya. Wato dabarar da na koya masa tana rage wa da gaske, amma daga "tabbas ka karye" zuwa "wataƙila ka karye" take kai ka.

26/ Ga kuma abin da ya fi ci mini rai. Mirginawa tana taimako sosai ne in ka taho da gudu ta gaba, sai jiki ya bi da shi. Shi kuwa daga tsaye ya saki jiki ya taho ƙasa sak. Tsayawar duka ba ta kai ƙiftawar ido ba. Yaushe zai tuna da wata mirginawa? Na san wannan. Ban faɗa ba.

27/ A gida aka yanke hukunci: fim ne. Umma ta sa aka cire talabijin ɗin falo, ta ce kar ta ƙara jin ana fassara a gidan nan. 'Yan dubiya kowa da abin da yake cewa, "yaran yanzu," "waya ce ta lalata su." Ni ina gefe ina zuba musu ruwa da lemo ina gyaɗa kai.

28/ Auta bai faɗa wa kowa hirarmu ba. An tambaye shi ya fi sau goma wa ya koya masa, yana cewa a fim ya gani. Yaron da in na ci masa biskit sai unguwa ta ji, shi ne ya rufa mini asiri. Wannan ya fi zagi zafi. Kwana huɗu ina kwana ina juyi.

29/ Ran na biyar bayan Isha'i muna dawowa daga masallaci na ce, "Abba, ina da magana." Muka tsaya a bakin get. Na faɗa masa komai, har da "eh, kusan haka" ɗin. Na shirya wa faɗa. Abba mutum ne da in ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi tsoro.

30/ Ya yi shiru ya daɗe. Sannan ya ce, "Kai da ka san lissafin, me ya hana ka ƙarasa masa?" Na ce ban yi tunanin zai gwada ba. Ya ce, "Kai kana da shekara 11 me ka gwada?" Na tuna lemar Umma da na karya ina son in sauka da ita daga katanga. Na sunkuyar da kai.

31/ Sai ya ja kujerar Baba maigadi ya zauna ya shiga ba ni labarin zamaninsu. Silima Plaza a Fagge, El Dorado a Sabon Gari, Orion, Marhaba. Yadda suke tara kuɗin tikiti, yadda in an tashi daga fim ɗin Bruce Lee kowa ke fitowa yana harba ƙafa a titi. Ban taɓa sanin Abba ya yi wannan ba.

32/ Ya ce in je in binciki labarin fim ɗin Coolie. Na je na duba, ga shi. A watan Yuli 1982 ana ɗaukar wani faɗa a Bangalo tsakanin Amitabh Bachchan da Puneet Issar. Faɗan wasa, an tsara komai. Amita ya faɗa kan tebur, gefen teburin ya dake shi a ciki.

33/ Gefen tebur fa. Ya ji mummunan rauni a cikin ciki, aka yi masa aiki, aka mayar da shi asibiti a Bombay, ya yi makonni tsakanin rai da mutuwa, Indiya gaba ɗaya tana masa addu'a. Da fim ɗin ya fito a 1983, an tsayar da hoto daidai wurin dukan aka rubuta cewa a nan ya ji ciwon.

34/ A ƙarshen wannan fim ɗin dai, bos ya ɗirka masa harsasai ya tashi. Mutum ɗaya, fim ɗaya: a labari harsashi bai kashe shi ba, a zahiri katako ya kusa. Abba ya ce su duk sun san labarin a lokacin, kuma ya rage musu rawar kai. Ya ce, "Ku ba a nuna muku inda aka tsayar da hoton."

35/ Daga nan na shiga tono. Jackie Chan, wanda ya fi kowa iya faɗuwa a duniyar fim, wajen ɗaukar Armour of God a Yugoslabiya ya yi tsalle daga katanga zuwa bishiya. Reshe ya karye, ya faɗo kansa ya daki dutse, ƙoƙon kai ya fashe sai da aka yi masa aiki. Kuma tsallen bai kai waɗanda ya saba ba.

36/ Tom Cruise a 2017 a Landan, yana tsalle daga wani gini zuwa wani don Mission: Impossible. Da igiyoyin tsaro a jikinsa, da ƙwararru kewaye da shi. Ƙafarsa ta daki bango, idon sawu ya karye, aka dakatar da aiki na makonni. Shi da yake da likita a gefe kenan. Auta ɗan maƙwabta ne da waya a gefensa.

37/ Abin da kyamara ba ta nunawa: igiyar da aka goge da kwamfuta, katifar iska, tulin kwalaye, gilashin bogi mai fashewa ba ya yanka, wani ƙwararre da aka sa wa kayan akta. Tsalle ɗaya ma yanka shi ake yi. A ɗauki tashi daban, a ɗauki dira daban daga ɗan tudun da bai kai ƙugu ba, a haɗa.

38/ Wato masu yin fim sun fi kowa tsoron Fiziks. Kuɗi suke zubawa don su tsawaita wannan tazarar tsayawar da na gaya muku, sannan su ɓoye abin da suka yi. Ni da nake musu dariya ina cewa ba su san lissafi ba, ashe sun san shi sarai. Mai kallo ne ba a gaya wa ba.

39/ Kuma ba yara kaɗai ba ne. Mu manyan fa? Duk wanda ke zaune a unguwar nan ya san ƙarar taya da daddare ko ranar ɗaurin aure, samari ana juyi da motar gida a titunan da babu cunkoso, wasu sun fito da rabin jiki ta taga. Na taɓa zama a bayan irin motar nan ina ihu ina jin daɗi.

40/ Ga lissafinta. Karo a gudun kilomita 60 daidai yake da faɗowa daga mita 14. A gudun 80, mita 25 ne. In ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkuwa, haka ma tazarar da birki ke buƙata. Paul Walker na Fast & Furious ɗin kansa a haɗarin mota ya rasu a 2013, ba a wajen ɗaukar fim ba.

41/ Akwai kuma inda fim ke koya mana tsoron abin da bai kai ba, ya bar mu da sakaci a kan na gaske. A fim mota na faɗuwa take tashi da wuta. In ba ta tashi a take ba, shi ke nan an tsira. A zahiri ruwan fetur ba shi ne ke kamawa ba, tururinsa ne in ya gauraya da iska.

42/ Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, ya shiga kwata ya yi nisa, ba ka ganinsa. Ƙyastu ɗaya yake jira. Shi ya sa mintunan da suka biyo bayan faɗuwar tanka sun fi faɗuwar haɗari. Mun ga abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoba 2024, sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu da rahama.

43/ Ba cewa nake fim ne ya jawo wancan ba, kar a juya mini magana. Talauci da tsadar mai suna gaba. Abin da nake cewa, yawancinmu abin da muka sani game da wuta, gudu, tsawo da harsashi, ba a aji muka koya ba, a allo muka gani. Kuma ba mu taɓa zama mun tace ba.

44/ Hajiya ce ta ƙarasa mini tunanin ba tare da ta sani ba. Ta zo dubiya ta tarar an cire talabijin. Ta ce da Umma, "Yo mu da muka tashi da Gizo yana hawa sama da zare, wa ya taɓa bin sa?" Sai ta juyo kaina, "Kai mijin, bokon naka bai hana ƙaninka tashi sama ba?"

45/ Aka yi dariya, ni ban da ni. Amma na yi ta juya maganar. Tatsuniya tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an buɗe ta ka san an bar duniyar gaske, in an zo ƙurunƙus mai bayarwa da bakinta take nuna maka ƙarya ta shirga. Kuma tana zaune a gabanka, kana iya tambayarta.

46/ Fim ba shi da ƙurunƙus. Mutum ne na gaske, bene na gaske, ƙasa ta gaske, idonka ya gani. Jackie Chan ne ma yake ɗan yi, da yake sa kurakurai da raunukansa a ƙarshen fim. To yaro wa zai tambaya? Wanda ke kusa da shi a kujera. Auta ya tambaya. Ni ne a kujerar.

47/ Shi ya sa ban goyi bayan cire talabijin ba, na kuma faɗa wa Umma bayan na ba ta haƙuri. Ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, kuma tana da gaskiya. Amma in an cire na falo, akwai waya, akwai gidan maƙwabta. Gara ya kalla kusa da wanda zai ba shi amsa cikakkiya.

48/ Jiya na sayo ƙwai uku na kai masa ɗaki. Na ce ya saki ɗaya daga tsawon gado a kan filo. Bai fashe ba. Na biyu a kan tayil, daga tsawo ɗaya. Kun san sauran. Na ce tsawo ɗaya, gudu ɗaya, me ya bambanta? Ya yi tunani ya ce, "Filon ya ba shi lokaci."

49/ Na ukun na ce to mu je da filon, amma ni zan hau kujera in ɗaga hannu har kusa da silin, a kan siririn filon kujera. Ya fashe. Ya kalle ni ya ce, "Kenan ko da dabara akwai inda ba ta kaiwa." Na ce wannan ne rabin da ban gaya maka ba. Ƙanwata ta sa ni na goge tayil ɗin.

50/ Na ba shi haƙuri. Ya ce shi ma ai ya san da tsawo, da ya hau sai da gabansa ya faɗi, amma an riga an kunna kyamara, kunya ta hana shi saukowa ta tsani. Wannan ma wani darasin ne da babu shi a littafin Fiziks. Bidiyon dai Abba ya sa an goge.

51/ Roƙona ga masu ƙanne da 'ya'ya: in yaro ya tambaye ka "da gaske ana iya wannan?" ajiye wayar ka kalle shi. Ba tambayar ilimi kawai yake ba, wataƙila akwai katanga ko tanki a ransa. Mu kuma 'yan kimiyya masu son burgewa, in za ka faɗi dabara, faɗi iyakarta a numfashi ɗaya.

52/ Saura mako uku a koma a sake hoto, in ƙashin ya haɗe a cire simintin a fara koyon taka ƙafa. Ya rasa jarrabawar zangon nan, makarantarsu ta ce za a yi masa daga baya. An yanke tsanin tankin daga ƙasa, yanzu sai da wani tsanin ake hawa. Ku sa shi a addu'a.

53/ Talabijin ta dawo falo shekaranjiya, da sharaɗin Umma: ba ya kallon fim ɗin faɗa sai ina wurin. Daren jiya akta ya diro daga jirgi mai saukar ungulu ya dira kan mota. Kafin in buɗe baki Auta ya ce, "Yaya tsayar, mita nawa ne wannan?" Ƙanwata ta tashi ta bar mana falon.